Rabin Yaya

Duk wanda ya taɓa kai aiki shagon Mai Gilashi ya san hannun mutumin nan ba ya karkacewa. In ya ɗora katakon awo a kan gilashi ya ja layi, sai ka rantse inji ne ya yanka. Amma miƙa masa lemu da wuƙa ka ce ya raba biyu tsakaninsa da yayarsa, a nan za ka sha kallo. Ɓari ɗaya ƙato, ɗayan ɗan tsurut, kuma ko yaya aka juya, ƙaton ne yake ƙarewa a hannun Yaya.

"Auta," takan ce, "kai da yanka ne sana'arka, a ce lemu ya gagare ka?"

Tana faɗa tana kai babban ɓarin baki.

Rabon nan ya girmi shagon, ya girmi aurensa. Iyayensu sun rasu yana ɗan mitsitsi, ita ta goya shi, ita ta kai shi makaranta, ita kuma ta kafa dokar da har yau ba a soke ba: duk abin da ya shigo hannun ɗayansu, rabi na ɗayan ne. Sun raba burodi, sun raba sabulu, sun raba bargo guda a ɗaki guda. Yanzu ga furfura a kan kowa, shi har da jika, ita da gwiwar da ba ta shiri da matakala da ƙirjin da ke kukan kyanwa in sanyi ya shigo, amma har gobe Auta take kiransa a gaban masu sayayya. Shagonta na wanki da guga yana layin da ke bayan nasa. Kullum da tsakar rana sai ta kashe dutsen guga ta jawo ƙafa ta zo, da lemu a aljihun rigar aikinta. Guda tak. Ba don biyu sun fi ƙarfinta ba, ita dai a ganinta lemun da mutum ya ci shi kaɗai ba shi da zaƙi.

Ranar da abin ya faru, shi da Dogo ne suke hawa matakalar wani gida da babban gilashin taga. Dogo abokin aikinsa ne, gajere ne na ƙin ƙarawa, sunan tsokana ce da ta bi shi har ta zauna. A kwanar matakalar gefen gilashin ya daki ƙarfen dafawa, ya tsage a hannunsu, wani ɓangare ya zame ya yanki Dogo a dantse. Mai Gilashi ya rungumo shi, ya danne ciwon a ƙirjinsa har asibiti. Ana cikin ɗinki ya leƙa gida ya sauya riga. Waccan ta yi sharkaf da jini, don haka ya cusa ta can tsakiyar ƙullin wankin da ake kai wa Yaya, kada matarsa ta gani hankalinta ya tashi, ya koma wurin Dogo. Bayan 'yan kwanaki rigar ta dawo fes, an goge ta an ninke, ba wanda ya ce uffan a kanta. Shi ma ya manta da ita.

Dogo ya warke garau. Har ya mayar da tabon abin ado, kowa ya shigo shago sai ya naɗe hannun riga ya nuna masa, kuma kullum gilashin labarin ƙara girma yake yi. Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. To a shagon nan Dogo macijin ya sara, Mai Gilashi ke gudun tsumma.

Da farko barci ne ya ƙaurace masa. Daga nan sai faɗuwar gaba. Cokali ya taɓa kofi, sai zuciyarsa ta hau dukan uku-uku, gumi ya keto masa, yatsunsa su ɗauki rawa. Aikin gilashi kuwa yana da doka guda da ake koya wa kowa ranar farko: layi ɗaya ake ja, da ƙarfin zuciya, daga wannan baki zuwa wancan. In ka tsaya a tsakiya, ko ka koma ka sake bi ta kan layin don ka gyara, gilashin zai karye inda ya ga dama. Mutumin da ya koya wa Dogo wannan doka, shi ne yanzu yake jan layi yana tsayawa yana sake bi. Tulin ɓarnar da ke bayan teburin ya fara tsawo. Wuƙar lemu ma ya daina taɓawa. In Yaya ta miƙo masa sai ya ce, "Ci kawai, Yaya, na ƙoshi." Sai ta dube shi, ta ɓare da hannu, ta ajiye masa nasa a gefen tebur.

Matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda koyarwa take yi, ba ta da yawan magana. Amma in ta ɗauki makullin mota ta tsaya a bakin ƙofa, shawara ta ƙare. Haka ta tsaya wata safiya, haka ya sa takalmi ya bi ta asibiti.

Likitar mace ce mai sanyin murya da yawan tambaya. Ta saurari labarin matakala har ƙarshe ba ta katse shi ba, sannan ta fara nata.

"Kana da asma, ko wani ciwon ƙirji?"

"A'a."

"Kana minshari har numfashi ya riƙa ɗaukewa?"

Ya dubi Malama. Malama ta ce yana yi, amma irin na cika ɗaki ne, ba ya ɗaukewa, da ma ya ɗauke ta huta.

"Kana shan maganin ciwo mai ƙarfi? Giya fa? Wani maganin barci?"

Duk a'a. Sai ta rubuta masa wasu 'yan ƙwayoyi, kaɗan ƙwarai, har ya ji kamar an yi masa rowa.

"Malam, ka ji ni da kyau," in ji ta. "Wannan ba ya cire tsoro. Kwantar da shi yake yi na ɗan lokaci, ka samu ka yi barci, mu kuma mu samu damar yin ainihin aikin. Zan haɗa ka da wani ma'aikacinmu da zai koya maka yadda za ka riƙe numfashinka, ka koma wa gilashi sannu a hankali. Maganin na kwanaki kaɗan ne, domin jiki yana saurin sabawa da shi, in ya saba kuwa rabuwa aiki ce. Muddin kana shan sa, ba tuƙi, ba hawa tsani, ba yanka. Kada ka haɗa shi da maganin tari mai sa barci. Kada ka ƙara da kanka, kada ka yanke da kanka, ka dawo mu rage shi tare. Kuma naka ne kai kaɗai. Kada ka ba kowa."

Duk ya gyaɗa kai. Na ƙarshen ma ya fi saurin gyaɗa masa, don bai ga wanda zai zo roƙon maganin tsoro ba.

A gida Malama ta sa kwalin a aljihun tebur mai makulli, saboda jikarsu da ke zuwa ƙarshen mako tana shekarun da komai ta tsinta baki take kai shi. Shi kuma aka ajiye masa kujera a bakin shago, aka naɗa shi mai karɓar baƙi. Abin mamaki, sai ya ji daɗin sarautar. Ya yi barci irin wanda ya manta ana yi. Da safe yakan tashi da ɗan nauyin kai, Malama ta sauke shi a shago kamar ɗan makaranta, ya zauna yana kallon layin da ya yi shekaru yana aiki a cikinsa bai taɓa kallo ba: mai gyaran agogo da ke magana da agogunansa, mai aski da ke share gaban shago da tsintsiyar da ta ƙare tun bara. Wata rana wata mata ta kawo ɗan hoto tana son a sa masa gilashi, abu kamar tafin hannu. Ya ji hannunsa a natse, ya miƙe ya ɗauki abin yanka.

Dogo ya zare shi daga yatsunsa ya jefa a aljihu.

"Maigida, koma kujerarka. Tabo ɗaya ya ishi shagon nan, kuma ni na riga ka."

Ya koma yana dariya. Rabonsa da dariya har ya manta.

Yaya ta ga duk wannan. Labarin zuciya a tambayi fuska, ita kuwa fuskar nan ta fi kowa iya karanta ta. Ran nan tana ɓare lemu, ba ta ɗago kai ba, ta ce, "Auta, ƙwayar nan taka da alama ta san aikinta."

"Ta sani, Yaya. Barci nake yi kamar jariri."

"To ka ɓallo min rabi. Ni ma kwana biyu barcin sai a hankali."

Hannunsa har ya nufi aljihu, don hannun ya saba, ko da yake ba komai a ciki. A daidai nan ta ja numfashi, ƙirjin ya yi ɗan kukan nan nasa. Sai tambayoyin likita suka dawo masa a jere. Asma. Minsharin da ke ɗaukewa. Maganin ciwo mai ƙarfi. Duk inda shi ya ce a'a, Yaya i ce. Ya san ƙwayar da take haɗiya saboda gwiwa, shi da kansa yake karɓo mata wani lokaci.

Abin da ya kamata ya faɗa a fili yake. Amma tunda aka haife shi bai taɓa ce wa matar nan a'a ba, bakinsa bai san hanyar kalmar ba.

"Yana gida," ya ce.

"Gobe ka taho da shi."

"To."

Wannan "to" ɗin ita ta jawo komai. Washegari ya ce ya manta. Wanshekare ya ce makullin yana jakar Malama. Ya yi ta kame-kame, yana sosa ƙeya, ita kuwa tana kallonsa irin kallon da take yi wa tabon mai a farar riga. Ranar hutu da la'asar sai ga ta a gidansu, ta hawo matakala tana haki, ta zauna a kujerar da take tata a falon.

"Na zo da kaina, tunda mantuwa ta yi maka yawa. Malama, ina makullin?"

Malama ta dubi mijinta, ta ce bari ta ɗora shayi, ta shige kicin. Mace mai hankali ta san faɗan da ba nata ba.

"Yaya, wato, likita ce ta ce... kin gane, ba wai ni ba ne. Da ma dai 'yan kaɗan ne. Kuma ƙila ba zai yi miki aiki ba. Bari dai mu gani, wataƙila in na kusa gamawa..."

"Auta. Za ka ba ni ko ba za ka ba ni ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Ta ce kada in ba kowa."

"Kowa," in ji Yaya a hankali. "Yau ni ce kowa."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta sa hannu a aljihu ta fito da lemu, ta ɓare shi tsaf, ta tara ɓawon a cinyarta. Sannan ta cinye shi tas, ɓari bayan ɓari, tana kallon bango. Shi yana zaune yana jin kowace haɗiya a maƙogwaronsa. Da ta gama ta kwashe ɓawonta, ta leƙa kicin ta ce wa Malama a sha shayi lafiya, ta sauka.

Washegari tsakar rana ta yi, ba Yaya. Kashegari ma haka. Dogo ya sayo lemu biyu don ya cike gurbi, Mai Gilashi ya ce ya gode, ya bar nasa a kan tebur har ya yanƙwane. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ya fi fashewar gilashin ciwo, kuma bai ɓoye wa kansa ba. Tsoro ya ji, tsoron kada ya zama ya yanke abin da ba a liƙawa.

Da yamma a gida faɗuwar gaban ta dawo da ƙarfinta. Ya tsaya a gaban aljihun tebur. Lokacin shan maganin bai yi ba, ya sani, amma zuciya ta ce ƙwaya guda a kan ƙa'ida ai ba za ta kashe mutum ba. Malama tana zaune tana duba aikin ɗalibai, makullin yana kusa da jan bironta.

"Ga shi nan," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ni ba mai gadi ba ce. Amma ka tuna min, likita ta rubuta shi ne don matakala ko don Yaya?"

Sai ya ja kujera ya zauna, ya ɗora hannu a ciki, ya yi abin da ma'aikacin asibiti ya koya masa: ja numfashi ta hanci a hankali, riƙe, saki ta baki kamar mai hura shayi. Ya yi ta yi yana jin kansa kamar wawa. Guguwar ta zo, ta yi iyakar yinta, ta wuce. Makullin yana nan inda yake.

"Ba hana ta da ka yi ne ya ɓata mata rai ba, Baban yara," in ji Malama. "Yawo da hankalin da ka yi mata ne. Kai da kake cewa ba a jan layi sau biyu."

Gaskiya in ta fito daga bakin matarka ɗacinta biyu ne.

Da safe ya zaga layin baya. Shagon Yaya ɗan ƙarami ne, cike da tururi da ƙamshin sabulu, riguna a rataye a jere har rufi, kowace da 'yar takarda a wuya. Tana tsaye tana guga, ta ɗora ƙafar mai ciwo a kan wani ɗan akwati. A ƙasa kusa da ƙofa akwai ƙullin wanki da yawa da ba a kwance ba, abin da bai saba gani ba, don Yaya ba ta barin ƙulli ya kwana. Ya gaishe ta. Ta amsa wa rigar da take gogewa.

"Yaya, magana ɗaya na zo da ita. Ba zan ba ki maganin nan ba. Ba yau ba, ba in na kusa gamawa ba. Da ƙirjinki da ƙwayar gwiwarki, zai iya yi miki illa, ni kuma ba ni da wata yaya. Laifina ne da na ce to, alhali na san a'a ce. Ki yafe min wannan."

Dutsen guga ya tafi ya dawo.

"Jibi da safe zan koma wurin likita. Lokacin da za ta ba ni, rabi naki ne. In kin ga dama."

Ta yi kunnen uwar shegu, ta juya hannun rigar ta ci gaba. Ya ɗan tsaya, ya ga ba za a ba shi wurin zama ba, ya fita. Amma ƙirjinsa sakayau, abin da ya ba shi mamaki.

Ranar komawa asibiti, suna saukowa suka tarar da ita a jingine da motar, da mayafinta na fita da wata baƙar leda a hannu.

"Hanyata ce ta bi ta can," ta ce wa Malama. "Kada wani ya ɗauka wani abu ne."

Ta buɗe gaba ta zauna, shi ya shiga baya.

A ɗakin likita ya ce, "Likita, yau mu biyu ne. Wannan yayata ce. Rabin lokacina nata ne."

Likitar ta yi murmushi ta jawo wata kujera. Ta fara da shi: barci ya daidaita, rawar hannu ta ragu, ya fara taɓa guntayen gilashi da safar hannu kamar yadda aka tsara. Ta ce madalla, ta nuna masa yadda zai rage maganin kaɗan-kaɗan har ya daina, da ranar da zai iya komawa kan teburin yanka bayan ya fita daga jikinsa. Sannan ta juya.

"Mama, me ke tafe da ke?"

Yaya ta zazzage ledar a kan tebur. Ga abin shaƙa na asma, ga ƙwayar gwiwa, ga wata kwalbar maganin tari, ga man shafawa. Likitar ta ɗauki kwalin ƙwayar gwiwa ta karanta, ta ɗauki kwalbar ta karanta, ta ajiye su gefe guda.

"Kin sha irin nasa?"

"Ina na samu? Wannan marowacin ya hana."

"Ki gode wa rowarsa. Wannan da wannan, kowanne yana rage ƙarfin numfashi. In aka ɗora nasa a kai, ga ƙirji irin naki, mutum na iya kwanciya numfashin ya yi ta yin ƙasa bai sani ba. Ko ki tashi da jiri ki faɗi, ga gwiwa da ma ba lafiya ba. Shi ma sai da na tambaye shi duk wannan kafin in rubuta masa."

Yaya ta gyara mayafi.

"Tun yaushe barcin ya gagara?" in ji likita.

"Tun ranar rigar."

Mai Gilashi ya dube ta. "Wace riga?"

Yaya ba shi ta kalla ba, likitar ta kalla. Ta ce ranar nan da yamma Malama ta ajiye mata ƙullin wanki ta wuce, kamar kullum. Ta kwance tana warewa, fari gefe, mai launi gefe, sai ga rigar Auta a tsakiya, ta ƙame da jini tun daga wuya har ƙasa. Ta san rigar, ita ta ɗinke mata maɓalli. Ta kira wayarsa ba a ɗauka ba. Ta fita ba takalmi, da gwiwar nan, ta zaga shagonsa ta tarar da shi a kulle. A bakin ƙofar ta zauna, har mai aski ya zo ya ce mata ai Dogo ne, kuma da sauƙi.

"Na koma na wanke ta. Jini ba ya son ruwan zafi, da na sanyi na yi ta bi har ya fita. To tun ranar, in na sa hannu zan kwance ƙulli, sai gabana ya faɗi. In na rufe ido rigar nake gani."

"Yaya," ya ce, "me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"In faɗa wa wa? Kai da cokali ke firgita ka?" Ta share ido da bakin mayafi, cikin fushi, kamar idon ne ya yi mata laifi. "Ka ɓoye wa matarka don kada hankalinta ya tashi, ka aiko min. Ni ba ni da hankalin tashi ko?"

Kunya ta rufe shi, da tausayi, da wata irin ƙauna mai nauyi. Ashe tsoron ma raba shi suka yi, kuma kamar kullum babban ɓarin ne ya faɗa hannunta.

Likitar ba ta rubuta wa Yaya ƙwayar barci ba. Ta ce ta daina shan maganin tarin nan, ta ba ta ranarta ta kanta don a duba ƙirjin da maganin gwiwar a natse, ta kuma haɗa ta da ma'aikacin nan mai koyar da numfashi. Yaya ta ce ita da ta shekara sittin tana numfashi ba wanda zai koya mata. Amma ta je. Har ta dawo tana gyara wa Auta nasa, wai yana saki da wuri. Ƙullin wankin kuwa, na 'yan kwanaki shi yake zagawa da safe su kwance tare, shi ya ware fari, ita ta ware mai launi, tana yi masa faɗa ya haɗa mata tawul da rigar siliki.

Ya rage maganin yadda aka tsara masa, ya daina. 'Yan ƙwayoyin da suka saura ya sa a aljihu ya kai kantin magani ya ce a zubar da su yadda ya dace, mai kantin ya karɓa. Faɗuwar gaban ba ta tafi gaba ɗaya ba, takan leƙo jefi-jefi, amma yanzu ya san ta, ya san ba ta daɗewa.

Ranar da ya koma kan tebur, Dogo ya fito da abin yanka daga aljihu ya miƙa masa da hannu biyu, har da rusunawa. Gilashin taga ne matsakaici. Ya shimfiɗa shi, ya goge, ya ɗora katakon awo, ya ja numfashi. Ya ja layi tun daga wancan baki har wannan, da 'yar ƙarar nan siririya da ya yi kewa. Ya kawo layin bakin tebur ya danna. Gilashin ya rabu biyu, tsaf.

Da ya ɗago, Yaya tana bakin ƙofa. Ba wanda ya san tun yaushe take tsaye. Ba ta yaba ba, ba ta saba ba. Ta jawo ƙafa ta zauna a kujerar da ya yi sarauta a kanta, ta sa hannu a aljihun rigar aiki ta fito da lemu. Wannan karon ba ta ɓare ba. Ta miƙa masa, ta nuna wuƙar da ke rataye a ƙusa.

Ya wanke hannu, ya ɗora lemun a kan faranti. Dogo ya matso yana kallo kamar za a yi wani babban aiki. Wuƙar ta sauka can gefe, nesa da tsakiya. Ɓari ɗaya ƙato, ɗayan ɗan tsurut.

Yaya ta ɗauki ƙaton, ta juya shi ta duba ta kowane gefe.

"Ka warke," ta ce. "Da ka raba daidai, da yau ɗin nan na mayar da kai wurin likita."